Inji na Biyar a Cikin Gwangwani

Shekara ashirin da tara ke nan ina walda a rumfar da ke jingine da garejin yayan matata, kuma ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya gajiyar da ni kamarsa ba. Ni Yaya nake ce masa, yadda matata take kiransa. Masu kawo mota kuwa Likita suke ce masa, saboda yadda yake gano ciwon inji. Ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya saurara. Zai ce a tayar da mota, ya ɗauko wani dogon sukundireba mai ƙotar katako, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya ɗago ya ce, "Fistin na uku ne." Wani lokaci kuma ya dubi mai motar ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ƙafarka ce ba ta da tausayi." In aka buɗe, abin da ya faɗa shi za a tarar.

Mahaifinsu direban babbar mota ne. Matata, wadda ita ce autarsu, ta ce tun suna yara Yaya yake gane ƙarar motar babansu tun daga bakin titi, har ya ce yau Baba ya ɗauko kaya mai nauyi. Makaranta ba ta karɓe shi ba, gareji ya karɓe shi. Da kunnen nan ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu. Mutum ne marar yawan magana, ba ya zaman hira, ba ya kallon ƙwallo. Da a nan ya tsaya, da ni ma na huta. Amma akwai Gwangwani.

Gwangwani wata 'yar ƙaramar mota ce ta zamanin da, mai ƙofa biyu, irin wadda in mutum huɗu suka shiga sai kowa ya san turaren ɗan'uwansa. Ta wata tsohuwar ungozoma ce da Yaya ya daɗe yana yi wa gyara. Da idonta ya daina ganin hanya, sai ta aiko masa da makulli. Injinta na asali bai fi na keken ɗinki ƙarfi ba, kuma wannan ne ya hana Yaya sukuni.

A bayan gari akwai filin tsere, tsohuwar kwalta ce da ta zagaya ta dawo, da lanƙwasa tara da miƙaƙƙiyar hanya ɗaya. Masu sha'awa ne ke haɗuwa a can ƙarshen kowane wata, wasu likitoci, wasu 'yan kasuwa, wasu kanikawa irinmu. Akwai rukunin tsofaffin ƙananan motoci, zagaye goma ake yi. Ba a hana ka canja inji ba, muddin jikin motar na da ne. Ran da Yaya ya ji wannan ƙa'idar, ranar na shiga uku.

Inji na biyu da ya sa mata ya tafasa a zagaye na huɗu, muka ƙara lagireto har sai da na fasa gaban motar don iska ta samu hanya. Na uku shi ya fi ba mu wahala. Ya fi ƙarfin giya, sai ya riƙa karya mata haƙora, shekara shida muna fama ya cinye giya uku. Na huɗu kuwa nauyi ne da shi, in aka zo kwana sai motar ta ce ita miƙewa za ta yi, rannan har birki ya kama da wuta. Abin da ke damun Yaya shi ne bai yarda akwai ƙarfin da zai yi wa mota yawa ba. Duk filin an san halinsa. Zagaye uku na farko ba mai kama shi, daga nan sai a fara duba inda hayaƙi zai tashi. Shekara ashirin da shida yana shiga, bai taɓa ganin tutar gamawa daga cikin mota ba. Ni ke jawo shi gida da igiya a bayan motata ta kaya, yana zaune a sitiyari fuska a ɗaure kamar mai tuƙa babban mutum.

Kuma duk sabon inji sai an yi masa wuri, wurin nan kuwa ni ke yi. Na yanke bangon da ya raba inji da ƙafar direba na matsar da shi baya har sau biyu. Na ƙera ƙafafun da inji ke zama a kai, na lanƙwasa bututu na yi keji a ciki don kada rufin ya danne shi in ta kife. Yau in ka kankare fentin Gwangwani, waldata ta fi ƙarfen kamfani yawa. Bayana ya sani, idona ma ya sani. Amma akwai iyakar da Yaya ya shata mana tun farko, ni da mai haɗa wayoyin lantarki na garejin, wanda muke ce wa Mai Waya. Ya ce, "Ƙarfe naka, waya tasa, inji nawa." Ko ma'aunin baƙin mai na Gwangwani ba wanda ya isa ya zaro.

Shekara biyu da suka wuce wata mota ta dawo. Yaya ya saurare ta ya ce lafiya lau, bayan kwana uku mai ita ya turo ta da hannu. Muka ce tsautsayi ne. Sai wata ma ta dawo. Sai na lura in na yi masa magana daga baya ba ya juyowa, in muna fuskantar juna kuma bakina yake kallo. Ƙara mai kauri yana jin ta. Siririya ce ta ɓace masa, kuma ciwon inji a siririyar ƙara yake fara magana. Shekara arba'in da wani abu kunne na manne da ƙarfe mai ruri, dole wata rana ya ce ya gaji.

Na kai maganar gida. Auta ta ajiye abin da take yi ta dube ni.

"To kai ka gaya masa mana."

"Ni? Yayanki ne fa."

"Shi ya sa. Ni ƙanwa, ni zan tsaya gaban Yaya in ce masa ya kurmance? Da wane bakin?"

Ni ma ban da wannan bakin. Mutumin da ya ba ni ƙanwarsa, ya ba ni rumfa a jikin bangonsa, kuma ba shi da abin taƙama a duniya sai wannan kunnen. Sai ni da Mai Waya muka samo dabara, dabarar da har yau in na tuna nake jin kunya. Yaya zai saurari mota ya yanke hukunci, ya tafi wanke hannu ko shan shayi. Mai Waya sai ya lallaɓa ya kasa nasa kunnen, ko ya jona 'yar na'urarsa. In ya ga abin da Yaya bai ji ba, sai in je in ce, "Yaya, mai motar nan ya ce don Allah a duba masa wuri kaza ma, wai hankalinsa bai kwanta ba." Yaya ya yi tsaki ya ce masu mota sun fi kanikawa sani yanzu, ya buɗe, ya tarar da ciwon, ya gyara. Hannunsa dai yana nan yadda yake. Motoci suka daina dawowa, sunan Likita ya tsira, mu kuma muna yaba wa kanmu. Mun manta akwai mota ɗaya da ba ta da wani mai ita da za mu yi ƙarya da sunansa.

A farkon shekarar nan aka sanar cewa an sayar da filin tsere, za a gina ɗakunan ajiyar kaya. Tsere ɗaya ya rage. Yaya ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Da yamma ya leƙo rumfata.

"Mijin Auta, zagaye goma nake so. Sau ɗaya. Ko na zo na ƙarshe."

"To Yaya, a mayar mata da ƙaramin inji mana, ta zagaya a hankali ta gama."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga tseren da keke. Bayan mako ɗaya sai ga inji na biyar a kan amalanke, wanda aka ciro daga wata mota da ta yi haɗari. Wannan har da tarbo, wato abin da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya. Na sake ɗaukar abin yanka. Wata biyu ina tsugune a cikin hancin motar nan, gwiwata na ƙara, ina yi ina mita a zuci. Amma gaskiya aikin ya yi kyau, wannan karon har birki da lagireto sai da muka yi musu gata.

Saura saita wuta. Inji yana da daidai lokacin da ya kamata fulogi ya ba da wuta. In ka matso da lokacin gaba kaɗan, ƙarfi zai ƙaru. In ka zarce, mai zai riƙa fashewa kafin lokacinsa yana dukan kan fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, har ya huda shi. Masu na'ura da na'ura suke aunawa. Yaya kuwa tun yana saurayi hanyarsa ɗaya ce: ya hau tudu da mota ya taka totur, ya riƙa matso da wuta gaba har sai ya ji inji ya fara wani siririn ƙyas-ƙyas, sannan ya ja baya kaɗan ya ɗaure. A bakin ramin yake tsayawa, kuma kunnensa ne ke nuna masa bakin.

Ranar Talata kafin tsere muka fita tudun da ke bayan ma'ajiyar siminti. Babu kujerar fasinja, a kan akwatin katako na zauna ina riƙe da bututun kejin da na haɗa da hannuna. Hawa na farko lafiya. Ya tsaya, ya buɗe gaba, ya matsa, muka sake hawa. A na uku na ji shi, kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano. Na saci kallon Yaya, fuskarsa ko gezau. Ya tsaya ya ƙara matsawa. A hawa na huɗu tsakuwar ta zama ruwan sama a kan rufin kwano, motar kuwa tana tafiya kamar an harba ta. Ya tsaya a saman tudu yana dariya, rabon da in ga haƙoransa haka har na manta.

"Ka ji inji? Ko tari bai yi ba! Tun da nake ban taɓa samun mai ɗaukar wuta irin wannan ba."

Na ce, "Yaya, kamar dai..."

Ya juyo ya zuba wa bakina ido. "Me ka ce?"

"Na ce kamar dai ta yi ƙarfi sosai."

Ya daki sitiyari ya ce ai ya gaya mini. Ya ɗaure notin, ya ɗiga masa jan fenti don ya gane in wani ya taɓa. Haka yake yi kullum.

Mai Waya ya ce mu lallaɓa mu mayar da wutar baya. Na ce da fentin fa? Ko babu fenti, mutumin da ya san motar nan kamar tafin hannunsa, taku ɗaya zai yi ya san an rage mata. Sannan a ce wa ya taɓa, mu ce me? Mai Waya ya ce to a faɗa masa gaskiya. Na ce bismillah, ga shi can. Ya sosa ƙeya ya ce shi ai bare ne, ni ne na gida. Kwana huɗu muna tura wa juna, har ranar ta zo.

Da safe a filin na ɗaura niyya. Na same shi yana sa hular kwano, na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina. Kafin in buɗe shi ya riga ni.

"Kada ka damu, mijin Auta. Yau ba gudu zan yi ba. Lallaɓa ta zan yi, gamawa kawai nake so."

Wallahi wani sanyi na ji. Na ce a raina, in bai taka sosai ba ƙarar ba za ta taso ba, motar za ta gama, a rufe filin, magana ta mutu ba wanda ya ji kunya. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya, na rufe masa ƙofa. Na san halinsa shekara ashirin da tara, amma na zaɓi in yarda da shi don hakan ya fi mini sauƙi.

Motoci goma sha ɗaya suka tashi. Zagaye huɗu Yaya ya cika alkawari, yana tsakiya yana tafiya kamar mai kai mara lafiya asibiti. Mutanen da suka saba ganinsa a gaba har suna tambayata ko lafiya. A na biyar wani mai kantin taya, wanda suka daɗe suna ja da juna, ya wuce shi a kwana ta ƙarshe har ya ɗaga masa hannu. Na ce shi ke nan. Da suka fito miƙaƙƙiyar hanya Gwangwani ta buɗe murya, duk filin sai da aka miƙe tsaye. Ta wuce mai taya, ta wuce na gabansa. A na shida ita ce ta biyu, a na bakwai ita ce gaba. Jama'a na ihu, ni da Mai Waya kuwa muna jingine da shinge ba mai kallon wani, domin duk wucewar da za ta yi ta gabanmu muna jin tsakuwar nan a ƙarƙashin rurin.

A zagaye na takwas, a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya, aka ji wani tas. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayanta, baƙin mai ya zana layi a kan kwalta. Ta gangara a hankali ta hau ciyawa ta tsaya.

Da muka isa ya riga ya fito, lafiyarsa lau. Ya ajiye hular a kan rufi, ya buɗe gaba yana kallo. Sauran motocin suna ta wucewa ta bayanmu. Sai da aka kaɗa tuta, filin ya yi shiru, sannan ya yi magana, kuma ba da mu yake ba.

"Inji ba ya mutuwa haka kawai. Sai ya yi magana tukuna. Wannan bai ce komai ba."

Na zagayo gabansa. Abin da na kasa faɗa lokacin da zai yi amfani, yanzu ya fito ba wahala.

"Ya yi magana, Yaya."

Ya kafe bakina da ido.

"Tun ranar Talata yake yi. Tun hawa na uku."

"Ka ji?"

"Na ji."

Ya dubi Mai Waya, Mai Waya ya sunkuyar da kai. Yaya ya ɗaga hannu ya taɓa kunnensa na dama, ya sauke.

"Na san ya ragu," ya ce. "Na ɗauka maganar mutane ce kawai ta ragu. Motoci ai ba sa dawowa." Ina kallon lissafin yana haɗuwa a fuskarsa. "Masu motar nan da hankalinsu ba ya kwanciya. Ku ne?"

"Mu ne, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu ina kara ƙarfe a kunne, kuna tsaye kuna kallona."

"Kara muka yi maka, Yaya. Nauyinka muka ji."

"Na gani," ya ce, yana kallon man da ke ɗiga a ciyawa.

Da ya zage ni, ko ya ce in kwashe kayana daga jikin bangonsa, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya taya ni ɗaura igiya, ya duba ƙullin sau biyu. Ma'aikatan filin sun fara kwance shinge tun mutane ba su gama watsewa ba. Wasu suka zo suna yi masa jaje, mai taya ya rungume shi ya ce yau ya ga gudu, Yaya yana gyaɗa kai yana cewa na gode, ban san nawa ya ji a ciki ba.

Na shiga motata zan tayar, sai na gan shi a madubi ya fito daga Gwangwani yana tahowa. Ya dafa tagata, ya sunkuyo. A ranar na lura tsufa ya kama shi sosai.

"Mijin Auta, a zagaye na biyar, da na taka ta a miƙaƙƙiya. Ni a jikina kawai na ji ta, a kujera da sitiyari. Ku da kuke waje, yaya muryarta take?"

Na ce, "Ta yi daɗi, Yaya. Ban taɓa jin irinta a filin nan ba."

Ya matso da kansa cikin tagar.

"Ɗaga murya," ya ce. "Yanzu ai ba abin ɓoyewa."